Yadda Muka Sabunta Silin da Robobin Ƙofa na Tsohuwar A-kori-kura a Zariya

Duk wanda ya tsaya a Kwangila ko a bakin kasuwar Sabon Gari da sassafe zai ga ragowar tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot suna shigowa da buhunan masara da kwandunan tumatir da dammunan rake daga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Idan kuwa ya leƙa gidan gaba na ɗaya daga cikinsu, da wuya bai tarar da abu biyu ba: rufin ƙarfe tsirara babu silin, da ƙofar da aka cusa wa tsumma ko guntun tsohon tiyub a gefe domin ta daina kwaramniya. Masu motocin nan ba sakaci ne da su ba, domin suna kashe abin da suka samu a kan inji da giya da birki da sifirin, waɗanda su ne ke ajiye mota a gefen hanya idan suka lalace. Silin da robar ƙofa kuwa an ɗauke su kayan ƙawa, abin da ake yi idan kuɗi ya yi saura. Ni ban yarda da wannan lissafi ba, domin a ganina roba da silin su ne ke tsare bodi daga ruwa da tsatsa, su ne kuma ke tsare ƙirjin direba daga ƙura da hayaƙi, kuma inji ana iya sauke shi a ɗora wani, amma bodin da ya ruɓe ya tafi ke nan.

Motar da na yi wa wannan aiki Peugeot 404 ce, a-kori-kura, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana dakon hatsi da ita daga Giwa da Soba da Maƙarfi, ta kuma faɗo a rabona bayan rasuwarsa. Samfurin 404 ya fara fitowa ne a Faransa a shekarar 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarsa, kuma masana'antar Peugeot Automobile Nigeria da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, abin da ya sa wannan ƙira ta cika hanyoyin Arewa a wancan zamani. An ci gaba da haɗa 404 a Kenya har zuwa 1991, daga nan aka rufe babinta. Abin da wannan tarihi yake nufi ga mai riƙe da irinta a yau shi ne, ko da motarsa tana cikin na ƙarshen fita, robobinta na asali sun haura shekara talatin suna shan rana. Injin tawa, mai girman siisii 1,618, yana tashi da bugu ɗaya, giyarta da ke jikin sitiyari tana shiga ba gardama, amma robar ƙofarta ta bushe ta tsattsage har tana karyewa idan aka lanƙwasa ta da yatsa.

Illar hakan kowane yanayi da irin tasa. Da hunturu, idan na bi hanyar burji, ƙura takan shigo ta ƙasan ƙofa ta kwanta a kan kujera da gaban mota, in sauka da farin gira da tari. Da damina, musamman a watan Agusta, ruwa yakan bi gefen ƙofa ya gangara ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ya kwana a can inda iska ba ta kaiwa, kuma a nan ne tsatsa ta fara cin daɓen motar. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Zariya yakan kusanci digiri 40, ragowar tsohon silin da ya yage ya zazzago ba ya hana komai, sai mutum ya ji zafin ƙarfen rufi yana sauka a tsakiyar kansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne warin hayaƙin salansa da nakan ji idan mota tana tafiya a hankali da kaya, domin hayaƙin inji yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda takan sa ciwon kai da gyangyaɗi, kuma direba mai gyangyaɗi a kan hanyar Funtuwa ba kansa kaɗai ya jefa cikin hatsari ba.

Na kai maganar wurin wani dattijo mai ɗinkin kushin ɗin mota a Sabon Gari, wanda ya koyi sana'ar tun lokacin da irin waɗannan motoci suke sababbi. Ya zagaya motar, ya shafa gefen rufi, ya ɗaga ƙofar direba da hannu biyu ya ji yadda take motsi, sannan ya ce: "Malam, in dai silin na gaskiya kake so, sai gilashi ya fita, na gaba da na baya, domin bakin ledar a ƙarƙashin robar gilashi yake kwana." Na ce masa: "Baba, gilashin nan nake wa tsoro, don idan ya fashe samun irinsa sai an sha wuya." Ya ce ba gilashin za a tura da ƙarfi ba, tsohuwar robar za a yanka da wuƙa a ɗauke shi cikin ruwan sanyi, amma da sharaɗin kada a sa wuƙa sai sabuwar roba ta zo hannu an gwada ta. Ya kuma tsara mini aikin daki-daki: a fara da walda da kashe tsatsa, sai silin, sai gilashi, robobin ƙofa su zo a ƙarshe, saboda kowane mataki yana rufe bakin wanda ya gabace shi. Game da lokaci, ya ba da shawarar a jira damina ta ɗauke, a yi kafin hazo ya sauka sosai, domin laima tana hana gam bushewa yadda ya kamata, ƙura kuma idan ta faɗa a kan ɗanyen gam ta kashe ƙarfinsa. Mun yi aikin a farkon Nuwamba.

Neman kaya ya fi aikin kansa cin lokaci. Kayan 504 sun fi sauƙin samu, tun da an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har bayan shekara ta 2000, amma na 404 sai an tona. Dattijon ya yanko mini guntaye daga tsofaffin robobin, kowanne kamar tsawon yatsa, ya ce kada in dogara da sunan mota da mai shago zai ambata, in riƙa ɗora bakin guntun a kan bakin sabuwar robar in ga ko siffarsu da kaurinsu sun yi daidai. Da waɗannan guntaye a aljihu na bi shagunan kayan gyara na Sabon Gari, na tafi kasuwar Panteka a Kaduna mai nisan kimanin kilomita 80 daga nan, na kuma yi aike kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Robar gilashi dole ta zama wadda aka yi domin wannan ƙira, don zagaye ce rufaffiya mai tsagi biyu, ɗaya na gilashi ɗaya na bakin bodi. Ta ƙofa kuwa ana samun wadda ake sayarwa awon yadi, kuma a nan ne ake bukatar lura. Akwai mai araha, baƙa wuluk mai sheƙi, wadda idan ka matse ta da yatsa takan daɗe ba ta dawo siffarta ba, irinta ba ta wuce bazara ɗaya sai ta lotse. Akwai kuma wadda ake yi da sinadarin EPDM, wadda masu ƙera motoci suke amfani da ita a yau saboda tana jure rana da ruwa, ba ta da sheƙi sosai, kuma da zarar ka sake ta sai ta miƙe. Ita na saya duk da tsadarta, domin araha ba ta ado, kuma kuɗin robobin gaba ɗaya ya zarce ladan aikin dattijon.

Ranar da muka fara warware gidan gaba, abu na farko da ya sa yaronsa ya yi shi ne cire kan batir, saboda wayar fitilar silin tana bi ta cikin rufi. Aka kwance kujera aka fitar da ita, aka cire madubin ciki da abin kare rana da murfin fitila, aka zuba kowane rukuni na kusoshi a cikin ledarsa aka rubuta sunansa. Sannan aka yanke robobin gilashi, aka ɗauke gilasan biyu aka jingina su a kan tsohuwar katifa a cikin shago. Silin irin na wancan zamani ba a manna shi a jikin rufi, rataye yake a kan 'yan sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da suka ratsa rufin daga hagu zuwa dama, kowace sanda tana bi ta cikin wani dogon aljihu da aka ɗinka a bayan ledar, kamar ƙubakar wando, bakunanta biyu kuma suna shiga ramuka a gefen bodi. Gefen ledar ne kawai ake mannawa da gam. Kafin a zare ko da sanda ɗaya, dattijon ya ɗauki alli ya sa wa kowace alama, ta gaba da ta tsakiya da ta baya, ya kuma nuna ɓangaren direba a jikinta da ramin da ta fito, domin ko da ido yana ganinsu iri ɗaya, tsawonsu da lanƙwasarsu sun bambanta, kuma idan aka musanya su silin ba zai taɓa zama daidai ba.

Abin da muka tarar a bayan tsohon silin ya isa ya gamsar da mai shakka. Bargon zare da aka manna a jikin rufi tun daga masana'anta ya zama gari, akwai gidajen zanzaro a kusurwa, akwai sheƙar ɓera a bayan inda fitila take, wayar fitilar kuma an gwaigwaye rigarta har jan ƙarfe ya fito. A kusurwar rufi ta ɓangaren fasinja, daidai ƙarƙashin indararon da ke zagaye rufin motar, tsatsa ta yi tabo mai faɗin tafin hannu, kuma da dattijon ya danna ta da bakin sukundireba sai hasken rana ya ɓullo ta 'yan ƙananan huji. Ta nan ruwa yake shigowa shekara da shekaru, bargon yana shanyewa yana riƙe laimar a jikin ƙarfe, ba wanda ya gani. Da an ɗora sabon silin a kan wannan, da an rufe ciwo da kyakkyawar leda ne kawai.

Daga nan motar ta koma hannun mai walda da ke maƙwabtaka da shagon. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon ƙarfe, ya yi haka a daɓen ɓangaren direba da ƙasan ƙofa ɗaya, sannan ni da yaron shago muka bi cikin rufin da bakin ƙofofi da bakin gilashi da burushin ƙarfe da samfefa, muka kankare tsohon gam da tina har ƙarfe ya fito fes. Aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka bar shi ya bushe sarai, aka cike tsagin indararo da sabon abin toshewa. Mun kuma zura waya muka buɗe ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa, waɗanda laka ta toshe. Mutane da yawa ba su san cewa ƙofar mota ba a yi ta don ta hana ruwa shiga cikinta ba, ruwan da ya bi jikin gilashin taga yana sauka ciki ne ya fita ta waɗannan ramuka, kuma idan suka toshe sai ƙofa ta riƙa ruɓewa daga ƙasa. Lanturan mota ya ja sabuwar waya zuwa fitila, aka mayar da kan batir na ɗan lokaci aka tabbatar tana kamawa, aka sake cirewa. Duk wani aiki mai wuta an gama shi kafin a buɗe gwangwanin gam, domin tururin gam yana kama wuta nan take, kuma dattijon ya hana kowa kusantar motar da sigari tun daga wannan lokaci.

A madadin tsohon bargo, wasu sukan manna soson katifa saboda yana da arha kuma yana ko'ina, amma soson katifa yana shan ruwa yana riƙewa, zafi kuma yana mayar da shi gari cikin 'yan shekaru. Da sanyin asubar hunturu cikin rufin ƙarfe yakan yi gumi, don haka duk abin da zai kwanta a jikinsa ya kamata ya zama wanda ba ya tsotsar laima. Mun yi amfani da siririn soso mai rufaffun ƙwayoyi, mai fuskar gorar ruwa a gefe ɗaya, irin wanda masu aikin na'urar sanyaya ɗaki suke naɗe bututu da shi. An yanka shi gida-gida a tsakanin wuraren da sanduna za su bi, domin kada ya tokare su. Aka shafa gam a jikin rufi da jikin soson, aka jira har ya daina bin yatsa, sannan aka manna aka bi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Dattijon ya nace a kan gam mai jure zafi, ya ce wanda ake liƙa takalmi da shi yana iya sakin soso idan rana ta gasa rufin a watan Afrilu.

Ɗinkin sabon silin ya yi shi ne da tsohon a matsayin ma'auni. Ya farke tsohuwar ledar a kan layukan ɗinkinta, ya shimfiɗa kowane ƙyalle a kan sabuwar, ya zana da alli, amma ya bar rarar kusan inci uku a kowane gefe, domin tsohuwar ta riga ta tsuke kuma mai ja yana bukatar abin kamawa. Na zaɓi leda mai launin madara, mai 'yan ƙananan huji da saƙar zare a bayanta, wadda ta yi kusa da ta asali. Ya ɗinka aljihunan sanduna da farin yadi mai ƙarfi, ya ja layi ɗaya da alli a tsakiyar silin daga gaba zuwa baya, ya kuma sa irin wannan alama a tsakiyar bakin gilashin gaba da na baya a jikin motar.

Rataya silin ɗin shi ne wurin da na ga bambancin gwani da mai koyo. Da hantsi ya sa aka shanya ledar a rana har ta yi laushi, aka goge sandunan aka zura kowace a aljihunta bisa alamar alli, aka ɗan tsaga bakin kowane aljihu don sanda ta fito daidai inda za ta shiga raminta. Ya fara da sandar baya, ya sa bakinta ɗaya a rami, ya ɗan lanƙwasa ta ya sa ɗayan, ya tayar da ita tsaye, sannan ya bi da sauran zuwa gaba. A wannan mataki silin yana lilo ne, duk ya yamutse, kuma wanda bai san aikin ba zai ɗauka an ɓata leda. Bai taɓa gam ba tukuna. Ya daidaita layin tsakiya da alamar da ke bakin gilashin baya ya kama da kilif irin na riƙe takardu, ya koma gaba ya ja ledar har sandunan suka miƙe ya kama, daga nan ya shiga jan gefe, hagu kaɗan dama kaɗan, yana cire kilif yana mayarwa, yana tafiya daga tsakiya zuwa kusurwa. Ya ce da yaronsa: "Kai, kada ka ja da ƙarfi wuri ɗaya, tattarar da ka kora daga nan can za ta koma." Sai da bakin rufin ya cika da kilif, fuskar silin ta kwanta sumul, sannan ya fara cire su 'yan kaɗan-kaɗan, yana shafa gam a bakin ƙarfe da bayan leda da ɗan ƙaramin burushi, yana jira ya sha iska, yana naɗe ledar a kan bakin ƙarfen ya mayar da kilif.

Kusurwoyi su suka fi cin lokaci. Inda bakin ƙarfe ya lanƙwasa, leda ba ta kwanciya sai an yi mata 'yan tsage-tsage da almakashi, kuma kowace tsaga dole ta tsaya kafin ta kai inda ido zai gani, domin tsagar da ta zarce ba ta da magani sai sabon ƙyalle. Na ga ya riƙe almakashin da bakinsa kawai, yana yanka kamar rabin inci, ya gwada, ya ƙara kaɗan. Wurin fitila da madubi da abin kare rana kuwa, tun kafin a rataya silin ya sa aka mayar da kusoshinsu cikin ramukansu, saboda haka da aka gama sai ya lalubo kan kowace ƙusa da yatsa ta cikin ledar, ya yi ɗan ƙaramin yanka a kanta da reza, ya kwance ta. Bai yanke rarar ledar ba sai washegari bayan gam ya kama. 'Yan tattarar da suka rage a kusurwar baya ya ce a bar wa rana, aka ajiye motar a fili da tsakar rana, ledar ta ɗumama ta ja jikinta, suka ɓace.

Mayar da gilashi aikin mutum uku ne da igiya. Aka sa sabuwar roba a zagayen gilashin, aka cusa siririyar igiya mai ƙarfi a cikin tsagin da zai kama bodi, bakunanta biyu suka haɗu a ƙasa ta tsakiya, aka shafa ruwan sabulu. Mutum biyu suka ɗora gilashin daga waje suna dannawa da tafin hannu a shimfiɗe, ba bugu, dattijon kuma yana ciki yana jan igiyar sannu a hankali, leɓen robar yana hayewa kan bakin ƙarfe yana danne bakin silin a lokaci guda. A kusurwoyin sama ya rage sauri ƙwarai, yana juya igiyar a zagaye, yana riƙe ledar da ɗayan hannun don kada igiya ta fizgo ta. Da na gaba da na baya duk suka zauna lafiya.

Kafin a taɓa robar ƙofa sai da aka gyara ƙofofin kansu, domin roba ba ta gyara ƙofar da ta sunkuya. Ƙofar direba, wadda ta fi shan buɗewa da rufewa, tana da wasa a hinjinta, aka canja mata ƙusar hinji, aka daidaita ta har tazarar da ke tsakaninta da bodi ta zama ɗaya sama da ƙasa. A tawa motar roba iri biyu ce a kowace ƙofa. Akwai mai tsagi da ƙarfe a cikinta, wadda take cizon bakin bodi tana kuma rufe gefen silin, ita ana tura ta ne da hannu a bi ta da gudumar roba a hankali. Akwai kuma mai laushi wadda take zagaye jikin ƙofar, ita ce ainihin mai hana ruwa da ƙura, kuma ita ake mannawa. Sabuwar roba takan zo da wata hoda ko santsi daga masana'anta wanda yake hana gam kamawa, saboda haka muka goge bayanta da tsumma mai ɗan tina, muka ɗan karce shi da samfefa mai laushi. Muka gwada ta a busasshe tukuna, muka tabbatar leɓenta yana fuskantar inda tsohuwar take fuskanta, sannan aka fara mannawa daga kusurwar sama, taƙi ɗaya zuwa biyu a lokaci guda, gam siriri a ɓangarorin biyu.

Gargaɗin da dattijon ya fi maimaitawa shi ne kada a ja robar. Hannu yana son ya ja ta don ta miƙe ta yi kyau, amma robar da aka ja takan sirance, kuma bayan 'yan makonni za ta koma tsawonta na asali, ta ɓalle daga kusurwa ko ta bar giɓi a mahaɗa. A kusurwa ma tura ta ake yi ciki, a ba ta ɗan sarari. Mahaɗar bakunan biyu an ajiye ta a ƙasan ƙofa ta tsakiya, inda ruwa ba ya taruwa a kanta, an yanke ta da rarar kusan rabin inci aka matse bakunan suka tokari juna, aka ɗiga gam a tsakani, aka kuma kula kada robar ta rufe ramukan fitar ruwa da muka sha wahalar buɗewa. An riƙe ta da tef mai saukin ɓarewa, aka bar ƙofofin a buɗe na wani lokaci, daga baya aka rufe su a maƙalli na farko suka kwana haka.

Da gari ya waye ƙofofin sun yi tauri, sai an danna da kafaɗa suke shiga maƙalli na biyu, kuma wannan shi ne lokacin da wasu suke fara buga ƙofa da ƙarfi ko su yanke leɓen robar, su lalata abin da suka saya da tsada. Abin da muka yi shi ne sassauta ƙarfen da makullin ƙofa yake kamawa a jikin bodi, muka matso da shi waje kaɗan, bayan an zana inda yake da farko, da niyyar mayar da shi ciki sannu a hankali yayin da robar take kwanciya. Don gane inda take kamawa da inda ba ta kamawa, dattijon ya yanko dogon ƙyallen takarda, yana sa shi a bakin ƙofa yana rufewa yana ja. Inda takardar ta yi gardama, roba ta kama, inda ta zare salin-alin kuwa akwai giɓi. Mun sami wuri ɗaya irin wannan a saman ƙofar fasinja, inda firam ɗin taga ya ɗan buɗe waje saboda tsufa, aka sauke gilashin tagar, aka sa katako a ƙasa, aka tanƙwaro firam ɗin ciki da hannu kaɗan-kaɗan har takarda ta daina zarewa.

Gwajin ƙarshe da ruwa aka yi shi. Na zauna a ciki da tocila, yaron shago yana zuba ruwa da bokiti daga ƙasan ƙofa zuwa sama, sannan a kan gilashi da indararo, domin idan aka fara daga sama ba za a gane ta inda ruwa ya shigo ba. Ɗigo ɗaya ya ɓullo a kusurwar ƙasa ta gilashin gaba, aka ɗaga leɓen robar aka cusa abin toshewa marar bushewa, aka sake zubawa bai dawo ba. Bayan mako biyu na mayar da ƙarfen makulli wurinsa na asali, ƙofofin suna rufuwa da turi ɗaya. Na bi hanyar burji ta wajen Hunƙuyi a tsakiyar hazo da tagogi a rufe, na dawo ban tarar da ƙura a kan kujera ba, warin hayaƙi ya ɗauke, ƙarar iska da ta rufi ta ragu har ina jin rediyo ba tare da na ƙure shi ba, kuma zafin da yake sauka a ka da azahar ya yi sauƙi ƙwarai.

Game da kulawa, dattijon ya hana ni abin da ake yawan yi a wuraren wankin mota, wato shafa wa roba baƙin mai ko giris ko kananzir don ta yi sheƙi, domin duk man da aka samo daga fetur yana kumbura irin wannan roba ya narkar da ƙarfinta. Ruwa da sabulu sun isa wanke ta, sai a shafa ɗan man gilisarin ko na silikon a farkon hunturu da farkon bazara. Silin kuma da ɗanyen tsumma ake goge shi, ba a danna shi sama. Kowace shekara kafin ruwan farko zan riƙa zura waya a ramukan ƙasan ƙofa, in duba tsagin indararo. Aikin da ya rage a gidan gaba shi ne robobin da gilashin taga yake hawa da sauka a cikinsu, waɗanda su ma sun cinye, kuma na riga na yanko guntayensu na ba wani ɗan'uwa mai zuwa Ƙofar Ruwa.